Sharhi kan CH341A, 'yar na'urar farfaɗo da madabod bayan BIOS ya lalace

Kwamfutar tebur ta kunnu, fanka na juyawa, 'yar fitilar gaba na ci, amma monita baƙi ƙirin, ba rubutu ba ƙara. Idan aka bi sawu, sau da yawa za a tarar ana tsakiyar sabunta BIOS ne, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, wuta ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare, ko wani ya canja layi daga sola zuwa wutar gari bai san ana aiki a ciki ba. A garuruwa irin su Gumel, Ringim, Babura, Rano ko Ƙaraye, abin da ke biyo baya sananne ne: a ɗaure kwamfutar a bayan babur zuwa tasha, a kai ta Kano, a ce madabod, wato babban allon da ke cikinta, ya mutu sai sabo. Alhali a mafi yawan irin wannan matsala ba abin da ya ƙone. Rubutun BIOS da ke cikin wani ɗan IC mai ƙafa takwas, ƙaramin guntun lantarki a jikin madabod, ne ya tsaya rabi, kuma ana iya sake rubuta shi daga waje. Aikin da CH341A ke yi ke nan.

Hukuncina a kanta tun farko shi ne duk mai gyaran kwamfuta da ke nesa da birni ya kamata ya mallake ta, domin kuɗinta ko kusa bai kai na madabod ba, har na hannu. Sai dai na'urar ceto ce, ba ta sabuntawar yau da kullum ba, kuma tana da aibi ɗaya babba a wajen ƙarfin wuta wanda mai sayarwa ba zai gaya maka ba.

Ita na'urar ba ta fi tsawon yatsa ba. Gefe ɗaya bakin USB ne, ɗaya gefen soket ne mai ramuka 16 da ɗan hannun kullewa. Sunan ya samo asali daga IC ɗin da ke tsakiyarta, ƙirar kamfanin WCH na Nanjing a ƙasar Sin, amma masu harhaɗa allon suna da yawa, shi ya sa ingancinsu ya sha bamban. Wadda ta fi yawo a kasuwa ita ce baƙa mai ruwan zinare a gefe. Soket ɗin kashi biyu ne: rabi na IC masu lambar 25, wanda shi ne na BIOS, rabi na masu lambar 24, irin na talabijin da monita. An zana hoton yadda ake saka kowanne a jikin allon, kuma wannan zanen ne abin bi, ba ƙwaƙwalwa ba. Akwai kuma ɗan baƙin marfi da ke haɗa fil biyu a gefe. Ya zauna a kan 1 da 2. Idan ya koma 2 da 3 na'urar ta zama wani abu daban, manhaja ba za ta gan ta ba. Wajen saye, ko a Farm Center ne ko titin Beirut ko ta intanet, a nemi cikakken kunshi: na'urar, kilif mai ƙafa takwas, wato matsin da ke kama ƙafafun IC a jikin madabod, da wayarsa, ƙananan allunan haɗi, da adaftar bolt 1.8. Wanda ya sayi na'urar ita kaɗai ya sayi rabin kaya.

Kafin a kai ga buɗe ledarta, hanya mafi aminci ta sabunta BIOS tana nan yadda take, wato ta cikin BIOS ɗin kansa. ASUS na kiran tata EZ Flash, Gigabyte Q-Flash, MSI M-Flash, ASRock Instant Flash, a Dell kuma ana danna F12 lokacin kunnawa a zaɓi sabunta BIOS. A karanta cikakken sunan madabod a jikinsa, ba a kwali ba. A Gigabyte a duba har lambar rev da ke kusurwar allon, domin suna ɗaya na iya ɗaukar rev 1.0 da 2.0 masu BIOS daban. A sauke fayil daga shafin kamfanin, a warware shi, a sa a filash mai tsarin FAT32, a fili ba cikin folda ba. Idan Windows ɗin na da BitLocker, wato tsarin kulle bayanan faifai, a dakatar da shi tukuna, in ba haka ba kwamfutar na iya tashi tana neman mabuɗi mai lamba 48 wanda mai ita bai taɓa ajiyewa ba. Aikin mintoci kaɗan ne, kuma a cikinsu ne komai ke lalacewa idan wuta ta gifta. Ƙaramin UPS mai 650VA, wato na'urar da ke riƙe kwamfuta da batir in wuta ta ɗauke, ya isa, amma batirinsa na bolt 12 ba ya jure zafin bazara, yana iya nuna koren haske alhali ba ya riƙe komai. A gwada shi: kwamfuta na kunne a zare filogin UPS daga bango, a ga ko zai riƙe minti goma. Mai sola da inbata ya yi aikin da tsakar rana lokacin da batir ke cike.

Kuma ba kowace kwamfuta ke bukatar sabuntawa ba. Dalili na gaske shi ne irin a ɗora furosesa sabo a tsohon allo, kamar i5-3470 a madabod H61 da ya fito a 2011 kafin zuwan ƙarni na uku na Intel a 2012, ko Ryzen 5000 na ƙarshen 2020 a allon B450 na 2018. Ko kuma kamfani ya fitar da gyaran tsaro, ko na wata matsalar da kwamfutar ke fama da ita. Kwamfutar shagon buga takardu da ke aikinta lafiya, a wurin da wuta ba ta da tabbas, barinta ya fi taɓa ta.

Idan har an riga an yi ɓarnar, akwai ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa kafin a taɓa IC. Alluna da yawa na Gigabyte suna da IC biyu, M_BIOS da B_BIOS, na biyun na iya gyara na farkon. Wasu alluna suna da maɓalli a baya da ke rubuta BIOS daga filash ko babu furosesa: a MSI ana sauya sunan fayil zuwa MSI.ROM, a Gigabyte zuwa GIGABYTE.bin, ASUS kuma na haɗo 'yar manhajar sauya suna a cikin kunshin. Dell na baya-bayan nan suna farfaɗowa da fayil mai suna BIOS_IMG.rcv idan aka riƙe Ctrl da Esc lokacin ba su wuta, HP kuma da maɓallin Windows da B. Haka nan a tabbatar BIOS ɗin ne da gaske. Ƙurar hunturu a ramin RAM na kawo baƙin allo iri ɗaya sak. Ɗan batirin madabod, CR2032, da ya yi ƙasa sosai da bolt 3 na hana wasu alluna tashi. Wayar shunayya ta fawa fak, wato akwatin da ke ba madabod wuta, ya kamata ta nuna bolt 5 ko kwamfuta na kashe. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake ɗauko CH341A.

Wurin da ta fi kowace hanya dacewa da ƙauye shi ne ba ta dogara da wutar gari. Bolt 5 na USB ɗin laftof ya ishe ta. Madabod ɗin da ake gyarawa a kashe yake, an zare masa komai. Ko da aikin ya katse a tsakiya, ba a yi asarar komai ba, sai a goge a sake daga farko, sau nawa aka ga dama. Sabuntawa ta cikin BIOS ba ta ba da wannan dama ta biyu.

Yanzu ga aibin. IC na BIOS iri biyu ne ta fuskar wuta. Akwai masu aiki da bolt 3.3, kamar Winbond W25Q64FV da W25Q128JV, da Macronix masu farawa da MX25L, da GigaDevice GD25Q. Akwai kuma masu bolt 1.8, kamar W25Q128FW, da duk Winbond mai ƙarewa da FW ko JW, da MX25U, da GD25LQ. Bambancin harafi ɗaya ne ko biyu a jikin abin da bai kai ƙwayar wake ba, kuma rubutun a dushe yake. A goge shi da ɗan sifirit, a haska fitilar waya ta gefe ba ta sama ba, a ɗauki hoto a faɗaɗa. Allunan AMD masu soket AM4 galibinsu 1.8 ne. Wanda ya ɗora wa irin wannan IC bolt 3.3 kai tsaye yana iya kashe shi, wani lokacin har da abin da ke haɗe da shi a allon. Don haka adaftar 1.8 ba ado ba ce, a kan soket take zama, kilif kuma ya hau kanta.

Matsala ta biyu a jikin baƙar na'urar take. Ƙafar da ke ciyar da IC tana ba da bolt 3.3 daidai, amma layukan da bayanai ke bi suna fitowa da kusan bolt 5, saboda shi IC na CH341A ɗin an ciyar da shi kai tsaye daga USB. Kowa na iya tabbatarwa da mita: a sa na'urar a laftof ba tare da komai a soket ba, baƙar waya a ramin ƙafa ta 4, ja a ta 8, za a ga 3.3. A matsar da jar zuwa ramin ƙafa ta 1 ko ta 5, a ga abin da zai nuna. Takardar bayanan IC ɗin BIOS masu bolt 3.3 ta ce iyakar aikinsu 3.6 ne. Gaskiya ne mutane da yawa na amfani da ita haka nan ba tare da sun ga illa ba, domin ƙarfin da ke bin layukan kaɗan ne, amma ban ga hikimar yin caca da allon wani ba alhali gyaran na minti goma ne ga mai hannun solda. Ana ɗaga ƙafa ta 28 ta IC ɗin CH341A daga allon, a sa ɗan tef a ƙarƙashinta, a ja siririyar waya daga ita zuwa ƙafar tsakiya ta AMS1117, wato mai rage wutar da ke ba da 3.3, sannan a haɗa wannan layin da ƙafa ta 9. Ƙafar siririya ce ƙwarai, idan aka lanƙwasa ta sau biyu za ta karye daga gindi, to a ɗaga ta sau ɗaya a hankali. Bayan gyara a sake aunawa. Wanda ba ya son wannan wahala ya nemi sabon samfurin da ke zuwa da makunnin zaɓar bolt a jikinsa, shi ma ya auna kafin ya yarda da shi.

Kilif ɗin da ke zuwa cikin kunshi shi ne mafi rauni a kayan. Haƙoran robarsa na cinyewa bayan an yi ta kamawa, sai ya riƙa zamewa daga IC da kansa. Jar wayar da ke gefen kebul ɗin ita ce ƙafa ta 1, kuma ƙafa ta 1 a jikin IC tana wajen ɗan ɗigon da ke kusurwa. Idan aka juya shi, wuta ta bi ta inda bai kamata ba, IC ya ɗau zafi nan take. A zare filogin fawa fak, a cire batirin CR2032, a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wuta ta fita, a kama kilif, sannan a ƙarshe a sa na'urar a USB. Da hunturu, lokacin da riga ke tartsatsi in an cire ta, a taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin a taɓa allon. Mai aiki da yawa ya nemi kilif na Pomona 5250, ya fi na'urar kanta tsada amma yana kamawa da kyau.

Manhajar da wasu masu sayarwa ke bayarwa tsohuwa ce, kuma tana yin kuskure a manyan IC, musamman masu 32MB. NeoProgrammer da AsProgrammer sun fi ta nesa ba kusa ba a Windows, a Linux kuma flashrom na gane na'urar da sunan ch341a_spi. Bayan an sa direba, matakin farko shi ne a danna gano IC. Zai dawo da lamba mai kashi uku. EF a farko Winbond ne, C2 Macronix, C8 GigaDevice. EF 40 17 na nufin W25Q64, EF 40 18 kuma W25Q128. Idan aka ga FF FF FF ko sifili zalla, kilif bai zauna ba. Idan lambar na canjawa duk lokacin da aka danna, haɗin na rawa, kada a ci gaba.

A nan ne mai gyara na gari ke bambanta da mai gaggawa. Kafin a goge komai, a karanta IC ɗin a ajiye. A sake karantawa a ajiye da wani suna. A gwada fayilolin biyu, dole su zama iri ɗaya har bayit na ƙarshe, in sun saɓa a gyara kilif a sake. Ko da BIOS ɗin ya lalace, wannan kwafin na da daraja, domin ba BIOS kaɗai ke cikin IC ba. A allunan Intel akwai sashen da ke bayyana tsarin IC ɗin, akwai sashen ME, wato wata manhajar Intel da ke kula da allon, a masu katin sadarwa na Intel akwai sashen da ke riƙe lambar MAC, wadda ake gane inji da ita a layin sadarwa, sannan akwai lambar siriyal ta injin da mabuɗin Windows na waɗanda suka zo da shi daga kamfani. Sabuntawar da ta katse sau da yawa sashe ɗaya ta taɓa, sauran na nan lafiya, kuma da manhaja irin UEFITool ana iya ɗaukar lafiyayyen sashen BIOS a dasa cikin tsohon kwafin. Wanda ya goge bai ajiye ba ya zubar da abin da ba zai samu a shafin kowane kamfani ba. A sa wa fayil ɗin sunan allon da rev da ranar aiki, a ajiye a wuri biyu.

Illar rashin yin haka ta fi fitowa a cibiyar jarrabawar kwamfuta ko shagon intanet da ke da injina iri ɗaya da yawa. Idan aka ɗauki kwafin lafiyayyen inji aka zuba wa 'yan uwansa uku, duk suna iya tashi da MAC ɗaya, sai sadarwa ta riƙa yankewa ba a san dalili ba. Sashen ME da ya lalace ko bai dace da allon ba shi ma yana da alamominsa: kwamfuta ta daɗe kafin ta nuna hoto, fanka ta yi ta gudu da ƙarfi, ko injin ya kashe kansa bayan minti 30 cif.

Fayil ɗin da za a rubuta dole girmansa ya yi daidai da IC. Lambar da ke jikin IC megabit ce, a raba ta da takwas: 64 na nufin 8MB, wato bayit 8,388,608, 128 kuma 16MB, wato 16,777,216. Fayil na MSI da na Gigabyte sau da yawa suna zuwa daidai wannan girman. Na ASUS mai ƙarewa da CAP yana da ɗan ƙari a kansa, bayit 2,048 a alluna da yawa, kuma sai an cire shi da UEFITool. Idan aka rubuta shi haka nan komai ya goce daga mazauninsa, allon ba zai tashi ba. Dell da HP, waɗanda su ne suka fi yawa a kayan hannu da ke shigowa, sun fi wuya: fayil ɗinsu na EXE ba hoton IC ba ne, sai an fasa shi an ciro sassan, kuma wasu kamar OptiPlex 9010 IC biyu gare su, 8MB da 4MB, rubutun ya rabu a tsakaninsu. Sabon shiga kada ya fara koyo a kan waɗannan. Ya fara da matattun allunan H61 ko G41 da ke jibge a shago.

Rubutun kansa mataki huɗu ne a jere: gogewa, tabbatar da ya zama fanko, rubutawa, sannan gwada abin da aka rubuta da fayil. Gogewar wajibi ce saboda irin wannan IC kamar allon almajiri yake, sai an wanke ake sabon rubutu, kuma gogaggen IC FF zalla yake nunawa. Idan gogewa ta ƙi, a duba ko an kulle IC ɗin, manhajojin na da wurin cire kullen. Na'urar ba ta da sauri. IC mai 16MB na cin mintoci da dama a kowane mataki, mai 32MB kuma sai an yi haƙuri sosai. A wannan lokacin kada a taɓa teburin, domin motsi kaɗan na kilif ya isa ya ɓata aikin. Matakin gwadawa na ƙarshe ba a tsallake shi ko da layi ya yi tsawo a shago.

Akwai allunan da ba sa yarda a karanta su ta kilif ko yaya aka kama. Dalili shi ne wutar da na'urar ke turawa ba a IC kaɗai take tsayawa ba, tana malala zuwa sauran sassan allon, ƙaramin AMS1117 ya kasa ɗaukar nauyin, wutar ta faɗi, ko kuma wani sashen ya farka ya shiga layin. Maganinsa a cire IC da bulowa mai hura iska mai zafi, a ɗora shi a ɗan allon haɗi, a rubuta, a mayar. A rufe robobin da ke kusa da tef mai jure zafi, a yi alamar ƙafa ta 1 a allon kafin a cire. Sababbin alluna da yawa kuma suna amfani da IC shimfiɗaɗɗe marar ƙafafu a waje, wanda kilif ba shi da abin kamawa a jikinsa. Mafi sauƙi su ne tsofaffin ASUS da ASRock masu IC a soket: a zare shi a hankali daga gefe biyu, a sa a na'urar kai tsaye.

Mai shagon da ke karɓar talabijin da laftof da rasiba kullum zai ga CH341A ta yi masa kaɗan, ya fi masa ya tara kuɗi ya sayi RT809H ko XGecu T48, masu sauri da sanin IC da yawa da kuma gaya maka ƙafar da ba ta taɓa ba. Amma mai gyaran da allon BIOS ke zuwa masa jefi-jefi, ko malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta na makarantar sakandare, wannan ta ishe shi.

Bayan an rubuta an cire kilif, a mayar da batirin, a sa RAM ɗaya tak, a kunna. Tashin farko na iya ɗaukar minti ɗaya ko biyu, injin ya kashe kansa ya sake kunnuwa sau biyu ko uku, wannan ba matsala ba ce, kada a zare wuta. Da hoto ya fito a shiga BIOS, a mayar da saituna na asali, a gyara kwanan wata da lokaci, domin agogon da ya koma baya na hana shafukan intanet buɗewa. Idan Windows ta ƙi tashi ta nuna shuɗin allo, kada a yi saurin sake ɗora ta a share wa mutum takardunsa. A duba saitin SATA a cikin BIOS, wato yadda faifai ke haɗuwa da allon: Windows da aka ɗora a kan IDE ko RAID ba za ta tashi a AHCI ba, haka ma akasin haka. Idan kuma faifan bai fito a jerin abin tashi ba sam, tsohuwar Windows ce da aka ɗora ta tsohon tsari, sai a kunna CSM a cikin BIOS, wato saitin da ke barin tsohon tsari ya tashi, a adana da F10, a sake kunnawa.